Mutumin da Ya Gifta Bayan Mai Albasa

Ina tsince tsakuwa a shinkafa na gan shi. Wani shiri ne na kasuwanni da maigidana ya sa dikoda ta naɗa masa saboda yana wurin aiki lokacin da ake yinsa, ni kuma na kunna don kawai ɗakin ya yi motsi. Wata babbar kasuwar kayan gwari ce a Kudu, ana hira da wani mai albasa yana ta kukan tsadar mota. Can bayansa, nesa, sai wani mutum ya gifta da buhu a ka. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan saki ƙasa, yana tafiya yana ɗan jefa ƙafa, ya waiwayo sau ɗaya ya wuce. Farantin ya suɓuce mini, shinkafa ta watse a tabarma, ban ko kalle ta ba. Na ɗauki rimot na mayar baya, na sake mayarwa, har maigidana ya dawo ya same ni a durƙushe gaban talabijin ban ɗora tukunya ba.

Yayana ne nake zato, babban wanmu, ɗan farin Inna. Ya tafi ci-rani bayan an gama kaka, shekaru da yawa da suka wuce. Da farko yana kira, yana aiko da sabulu da atamfa, daga baya wayarsa ta daina shiga. Tun yana yaro ya faɗo daga kan tsamiya, kafaɗar ta ɗore a karkace, shi ya sa ko cikin taron idi daga tafiyarsa ake gane shi. Ga shi kuma Baba ya rasu a farkon daminar nan, bai fi 'yan makonni ba, kuma har ya daina magana idan aka yi sallama a zaure sai ya juya ido ya ga ko shi ne.

Washegari na hau mota daga Birnin Kudu zuwa garinmu Gwaram na sami Baffa, ƙanin Baba, wanda yanzu shi ne babba a gida. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tuna mini cewa ya taɓa tafiya neman Yaya a kan maganar wani direba ɗan Basirka da ya rantse ya gan shi, ya je ya tarar wani ne daban. Ya sake tafiya a kan maganar wata mai sayar da goro, ya dawo da zazzaɓi. Ya ce shi yanzu ya tsufa, ga damina, ga gonar marigayi a wuyansa, kuma a ganinsa lokaci ya yi da za a riƙa haɗa yaron cikin addu'ar mamata a huta. Na ji kamar in yi ihu. Na ce masa mutum da ransa za a yi wa addu'ar mamata? Ya ce in bar yi masa tsawa, shi ba sa'ana ba ne. Daga ƙarshe dai ya yanke magana ɗaya.

"Idan uwarsa ta kalla da idonta ta ce shi ne, gobe zan hau mota. In ba ita ba, ko ke kika rantse da Alƙur'ani ba inda za ni."

To Inna tana takaba. Tana cikin ɗakin mijinta da tsohon zane da carbi, ba ta ko leƙa zaure. Na je har wurin wani malami na tambaya, ya ce in da lalura mai takaba tana iya fita da rana ta dawo kafin duhu. Na dawo da murnata na gaya mata, ta ce malamin ya yarda, ita ce ba ta yarda ba, ba za ta taka ƙofar gidan nan ba sai ta fita takaba. Wanda ya san Inna ya san an gama magana.

Na riga na ɗauko hoton da wayata daga jikin talabijin, sai na miƙa mata. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta ce ita ba ta ganin komai a ciki sai layi-layi. Gaskiyarta ne. Mutumin ƙarami ne a can gefe, wayar kuma ta mayar da shi kamar ɗigon tawada, ga idonta ya fara yana. Ba ta tambaye ni komai a kansa ba. Dama can haka take da shi, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ba ta taɓa kiran sunansa ba, in za ta ambace shi sai ta ce wancan yaron. Sai da na ɗauki mayafina zan tafi ta ce, kamar da bango take magana, ita dai a talabijin ɗin Baba tana ganin mutum sosai.

Na ce shi ke nan, abu mai sauƙi, in ɗauko dikodar in kawo Gwaram. Ashe nan wahalar take. Dikodarmu ta kwana biyu tana wani ƙas-ƙas-ƙas a ciki, mun ɗauka ƙura ce. Maigidana ya kira mai haɗa dish na unguwarmu, wani dattijo mai yawan tsaki, ya kara kunne a jikinta ya ce faifan da ke ciki ne yake kan hanyar mutuwa. Ya ce yanzu yana juyawa ne kawai don bai tsaya ba. Idan aka kashe ta, ko wuta ta ɗauke, ko aka girgiza ta, ba lallai ta sake tashi ba, balle a ɗora ta a mota a bi ramukan hanyar Gwaram. Na ce to a kwafe a filashi. Ya yi tsaki ya ce irin wannan dikodar kulle abin da ta naɗa take yi, in ka kwafa ka kai wani wuri ba ya buɗewa. Akwai wata 'yar na'ura da ake tara hoto da ita, amma sai Kano, kuma wanda muka aika ya yi ta ce mana gobe, gobe, har na daina ɗaukar wayarsa. Mun kira gidan talabijin ɗin ma, wannan ya haɗa mu da wancan, wancan ya ce mu rubuto.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan jinyar dikoda. 'Yar solar da muke da ita ba ta da ƙarfi, ga hadari kullum, rana ta leƙo ta koma. Na kashe firij, na cire fanka, na hana kowa cajin waya. Yara suka yi ta mita saboda zafi, na ce duk wanda ya matso kusa da teburin nan sai na karya shi, kuma sun ga idona sun san ba wasa nake ba. Na hana shara a ɗakin don kada tsintsiya ta taɓa waya. Ranar da aka wuni ana ruwa batir ya fara kuka, na fita ba takalmi na buga ƙofar maƙwabta na aro janareto, maigidana ya jona shi. Ina salla ina jin ƙas-ƙas ɗin, in ya ɗan yi shiru sai in manta raka'ar da nake. Allah Ya yafe mini, a kwanakin nan na fi sauraron akwatin nan fiye da 'ya'yana.

Mai dish ne ya tambaya wace irin dikoda ce a gidan Baba. Maigidana ya ce iri ɗaya ce sak da tamu, tare ya sayo su a Kano, ɗaya tamu, ɗaya ya kai wa Baba don ya riƙa naɗar tafsiri da azumi. Sai dattijon ya daina tsaki ya zauna. Ya ce irin waɗannan in suna gida ɗaya, kan waifai ɗaya, suna ganin juna, ta falo tana iya kunna abin da ta ɗaki ta naɗa ba tare da an taɓa ta ba. Na ce ai ba gida ɗaya suke ba, Malam, wannan tana Birnin Kudu waccan tana Gwaram. Ya ce akwai yadda ake yaudararsu su zaci gida ɗaya suke, a sa wa kowacce akwatin waifai mai layin waya, a ɗaure akwatunan biyu da juna ta intanet. Ya taɓa gani an yi, shi dai bai taɓa yi ba, kuma bai ɗauki alkawari ba. Na ce ko a mafarki ya gani ya zo mu gwada.

Jona waya a bayan tamu kaɗai sai da muka yi kamar masu cire ƙaya a ido. Ni na danne teburin, maigidana ya riƙe akwatin da hannu biyu, dattijon ya tura wayar a hankali yana salati. Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya, ya ci gaba. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Sai Gwaram. A ɗakin Baba sabis ba ya shiga ko kaɗan, sai ka fito tsakar gida ka ɗaga hannu. Muka sa akwatin waifai a leda saboda ruwa, muka ɗaure a kan doguwar gora, muka jingina da rumbu, aka ja waya ta taga. Mai dish yana ɗaki da rimot, maigidana yana can gida a gaban tamu da waya a kunne, ni ina tsakar gida ina juya gora, a ce gabas in yi gabas, a ce dawo in dawo. Matan gida suna kallona suna ƙus-ƙus, na san cewa suke 'yar Birnin Kudu ta zauce. Dikodar Baba ta yi ta nema, ta rubuta ba ta ga kowa ba. Muka koma, muka dawo, muka sake komawa. Wata rana ta gano tamu, sunan shirin ya fito ɓaro-ɓaro, na fara hamdala, muna dannawa hoton ya daskare a kan hular mai albasa ya ƙi gaba. Na ɗora hannu a ka na yi kuka a gaban baƙon namiji, ban ji kunya ba.

Dattijon ya lura sabis ya fi ƙarfi da hantsi, lokacin da gari ya watse kowa ya tafi gona. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk gwajin da muke yi ƙara wa faifan wahala yake, ƙarar ma ta canza, ta koma kamar ana jan ƙarfe. Ya ce mu daina gwaji, mu sa rana ɗaya, mu zaunar da Inna, in ya buɗe ta gani, don ba ya jin za a samu na biyu.

Ni kuma tsoron Baffa ya cika mini ciki. Na san halinsa, zai iya cewa ni na sa wa Inna magana a baki. Sai na ce bari in tara shaidu. Na aika Kwandiko aka ɗauko Gwaggo, yayar su Baba, a kan babur. Na kira matar Baffa, na kira tsofaffin maƙwabta biyu da suka san Yaya tun yana goye, ga masu zuwa gaisuwa da ba su yanke ba, duk na ce su shigo. Ɗakin ya cika maƙil, har bakin ƙofa. Na shimfiɗa wa Inna buzun Baba a gaba, daf da talabijin, na zaunar da Gwaggo a gefenta. A raina ina jin na yi dabara.

Aka kunna. Da'irar nan ta jira ta yi ta juyawa a tsakiyar allo. Sai ga kasuwa, ga mai albasa, hoto tar kamar a ɗakina, har ƙudan da ke kan buhu ana gani. Na matso na sa yatsa a gefen allon na ce nan za ku duba, yanzu zai fito. Sai ga shi, da buhunsa, da kafaɗarsa, yana jefa ƙafa. Wata tsohuwa ta ce la ilaha illallahu. Matar Baffa ta ce kamar shi, wata ta ce a'a wannan ya fi shi tsawo. Na juyo da sauri in ga fuskar Inna.

Ta juya wa talabijin ƙeya. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, tana kallon bango, tana jan carbi da sauri. Na ce Inna ki duba mana, ga shi nan zai wuce. Ba ta motsa ba. Na kama kafaɗarta, ta ture hannuna a hankali. Kafin in sake magana ya waiwayo ya fice daga allon.

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Na ɗauko matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli ɗan farinta a gaban mutane ba, matar da ko ranar da zai tafi tana ɗaki ta ƙi fitowa sai ƙanwarta ce ta raka shi zaure, na zaunar da ita kusa da yayar mijinta, a gaban rabin unguwa, na ce ta ƙura masa ido. Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kalla ba. Ni da aka haifa a ɗakin nan, ni na manta.

Ban san lokacin da na fara korar mutane ba. Na ce ku fita, don Allah ku fita, kowa ya fita. Tsofaffi suna neman takalma suna cewa yau ga rashin kunya, ban saurare su ba, har Gwaggo na kama hannunta na kai ta ƙofa. Na ce wa mai dish ya mayar baya ya ba ni rimot shi ma ya fita. Ya danna, hoton ya tsaya. Ya sake dannawa, da'irar ta dawo tana juyawa. Na fita da gudu na kama gora na ɗaga sama har hannuna ya yi tsami, ina kiran ya Allahu, ya Allahu, sau ɗaya kawai. Wayata ta yi ƙara a ƙugu, maigidana ne. Ya ce in sauke gorar. Ya ce ƙarar dikodarmu ta daina, fitilar gaban ta koma ja, ya kara kunne bai ji komai ba. Na ce ya kashe ya kunna. Ya ce ya yi.

Na koma ɗaki. Inna ta juyo yanzu, ta sauke mayafin, ta gyara zama daf da talabijin, ta ɗora hannuwanta a gwiwa tana jira. Allon shuɗi ne, da ɗan rubutu a tsakiya da ba ta iya karantawa. Ta ɗan jira, sannan ta ce a hankali, "Sun fita ai. Ki sako."

Na durƙusa a gabanta. Da ƙyar na ce ta mutu, Inna, ta can gidan ta mutu. Ta ci gaba da kallon shuɗin allon, carbin ma ta daina ja.

Muna haka Baffa ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ya dawo daga gona da laka a ƙafa, an riga an kai masa labari. Matan da na kora suna tsaye a bayansa, Gwaggo a gaba. Bai shigo ba, daga bakin labule ya tambaya.

"An ce an nuna. Kin gan shi da idonki?"

Na sunkuyar da kai. Duk wadda ke tsaye a wurin ta ga Inna ta juya baya, kuma duk garin an san ba ta ƙarya ko a wasa, balle tana cikin takaba.

"Na gani," in ji Inna. "Shi ne."

Baffa ya juya ya kalli yayarsa. Gwaggo, wadda na ja hannunta na fitar kamar yarinya, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce masa me yake kallonta, uwa ta ce ɗanta ne, sai ya je ya nemi mota. Sauran matan ba wadda ta yi tari. Baffa ya ce to, Allah Ya sa a dace, ya tambaye ni sunan kasuwar, na faɗa masa, ya maimaita sau biyu ya tafi.

Ya cika alkawari, ya hau mota washegari. Ya daɗe a can yana bin 'yan dako ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce sun san mai irin wannan kafaɗar, amma ya bar kasuwar kafin ruwa ya sauka, wasu suka ce ɗan Jigawa ne, wasu suka ce daga Nijar yake. Baffa ya dawo shi kaɗai, ya bar lambar waya a hannun sarkin 'yan dako, kuma bai sake maganar addu'ar mamata ba. Dikodar an buɗe ta a Kano, an ce faifan ya karce, ba abin da za a ciro.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bayan la'asar, gida ya watse, mai dish ya kwance gorarsa ya tafi, na zauna ina naɗe wayoyi a ɗakin don in sami abin yi da hannuna. Na kasa kallon Inna. Ina so in ba ta haƙuri, na san kuma in na fara za ta ce mene ne abin haƙuri. Ta leƙa ƙofa ta tabbatar ba kowa, sannan ta matso kusa da ni har ina jin numfashinta.

"Ke da kika gani da yawa," ta ce, "wancan yaron, da takalmi a ƙafarsa?"

Na sha kallon hoton nan har ban san iyaka ba, na san launin buhun, na san yagewar da ke wuyan rigarsa, na san inda ya waiwayo. Na rufe ido na bi shi daga wannan gefen allo zuwa wancan, na sake bi, ƙafafun sun ƙi fitowa. Na ɗauko wayata na duba wanda na ɗauka, ashe daga ƙirji zuwa sama kawai ya fito a ciki. Inna tana kallon bakina tana jira.

Na ce, "Ban duba ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce kasuwar kayan gwari ba ta rabuwa da fasasshen kwalba da ƙusa, shi kuma tun yana ƙarami ba ya son takalmi, sai an bi shi da shi. Daga nan ta ɗauki butarta ta fita alwala.